Wa Ya Biya Mai Zane? Fashin Baƙi kan Hotunan Lord Cardigan

A ƙarshen shekarar 1854, wani matashi mai zane ɗan Sikotlan, William Simpson, ya shiga kwalekwale a tashar ruwa ta Balaklava da ke Kirimiya, ya nufi wani jirgin shaƙatawa mai suna Dryad. Yana ɗauke da zanen wani hari da sojojin dokin Ingila suka kai wa igwogin Rasha. Simpson bai ga harin da idonsa ba, domin an yi shi ranar 25 ga Oktoba, shi kuwa sai tsakiyar Nuwamba ya iso. Filin ya bi, ya duba tudu da kwari, ya tambayi waɗanda suka tsira, sannan ya zauna ya zana. Kafin ya aika da aikin Landan a buga, sai ya kai wa mutumin da ya ja ragamar harin, wato Lord Cardigan, mai jirgin.

Cardigan ya duba, ya ce sam bai yi ba. Simpson ya koma ya sake, ya dawo, aka kuma watsa masa ƙasa a ido. A karo na uku ne Cardigan ya washe baki ya yaba. Shekaru da yawa bayan haka, a cikin tarihin rayuwarsa, Simpson ya fasa ƙwai. Ya ce abin da ya bambanta zane na uku da na baya shi ne ya ƙara kula wajen fito da mai girma Cardigan fili, a gaban rundunar, inda ido zai fara sauka. Kwarin bai canza ba, igwogin ba su matsa ba. Wurin tsayuwar mutum ɗaya kawai aka gyara.

Duk wanda ya fahimci wannan ɗan labari ya riƙe makullin sauran hotunan mutumin nan. Mu da muka tashi muna jin maroƙa a ƙofar fada mun san kirari ba ya rasa gaskiya a cikinsa, amma mun kuma san wanda ya ba da riga da doki shi ake wasawa. Hoton basarake a Ingila ta ƙarni na 19 kirari ne da aka yi da fenti. Matsalar ita ce kunne ya saba tace kirari, ido kuwa yakan haɗiye hoto ɗungurungum, musamman yau da waɗannan zane-zane ke yawo a intanet ba tare da wani bayani a ƙarƙashinsu ba.

Sunan Cardigan na yanka James Thomas Brudenell, an haife shi ranar 16 ga Oktoba, 1797. Shi kaɗai ne namiji da ya rayu a tsakiyar 'yan'uwa mata bakwai, a gidan da ke da filaye da dukiya tun kaka da kakanni. Ya gaji sarautar Cardigan a 1837, shi ne na bakwai a jerin masu riƙe ta, tare da gidan gado na Deene Park a lardin Northamptonshire. Ya shiga soja a makare, a 1824, yana ɗan shekara 26, amma kafin shekara takwas ta cika har ya zama kwamandan rundunar doki sukutum, ba tare da ya taɓa jin ƙarar harsashin abokin gaba ba.

Yadda aka yi haka shi ne ginshiƙin duk maganar. A sojan Ingila na wancan zamani, muƙamin hafsa a rundunonin doki da na ƙasa, tun daga ƙarami har zuwa laftanar-kanar, saye ake yi da kuɗi. Akwai farashin hukuma a rubuce, wanda na laftanar-kanar a rundunar doki ya kama fam 6,175, amma kowa ya san ana ƙara ninkin-ba-ninkin a bayan fage. Abin da ake faɗa shi ne Brudenell ya biya wajen fam 35,000 don shugabancin runduna ta 15 ta sojojin dokin da ake kira Hussars a 1832. Kurtun sojan ƙasa a lokacin sule ɗaya yake samu a rana. A zamanin, fam ɗaya sule ashirin ne, kamar yadda kakanninmu suka sani, don haka sai kurtu ya yi aikin fiye da shekara 1,900 bai taɓa ko kwabo ba kafin ya tara wannan kuɗi. Masu kare tsarin suna da hujjarsu: tun bayan zamanin Cromwell, lokacin da soja ya yanke kan sarki ya mulki ƙasa, manyan Ingila suka ƙudurta cewa takobi zai zauna a hannun masu abin hannu, waɗanda juyin juya hali zai fi cutarwa. Hujjar tana da ma'ana a siyasa. A fagen fama kuwa, rayukan talakawa ne ke biyan kuɗinta.

Shekara biyu bai yi ba a runduna ta 15 aka tuɓe shi. Ya maka wani kyaftin ɗinsa, Augustus Wathen, a kotun soja, kotun ta wanke kyaftin ɗin ta kuma tsine wa halin kwamandan. A ƙa'ida nan ya kamata aikinsa ya ƙare. Amma gidansu na da ƙafa a fada, sai ga shi a 1836 ya sayi shugabancin runduna ta 11, a kan kuɗin da ake cewa ya kai fam 40,000.

Wannan rundunar ce ke jikinsa a hotonsa mafi shahara, wanda Francis Grant ya zana wajen 1841. A farkon 1840 runduna ta 11 ta raka Yarima Albert daga Dover lokacin da ya zo auren Sarauniya Biktoriya, aka saka mata da sunan yariman, aka kuma sauya mata kaya: doguwar hular gashi, riga shuɗiya mai duhu da aka lulluɓe ƙirjinta da zaren zinariya, wata 'yar riga mai bakin gashi da ake ratayawa a kafaɗa ɗaya, da jan wando matsattse wanda babu wata runduna da ke da irinsa. An ce Cardigan na kashe kusan fam 10,000 daga aljihunsa kowace shekara don dawakan rundunar da adonta su fi na kowa. Grant ya ɗora shi a kan ingarma cikin wannan shiga, ya miƙe a sirdi, dokin na cike da kuzari, mahayin ko gezau.

Shi kansa Grant ɗan gida ne. Ɗan masu filaye ne daga Sikotlan, maharbin yanyawa a kan doki kamar waɗanda yake zanawa, yana cin abinci a teburinsu, ya san abin da suke so a gani da abin da suke so a rufe. A 1866 ya zama shugaban Royal Academy, babbar cibiyar masu zane ta Ingila. Ya iya doki ƙwarai, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, don mutanen da ke sayen aikinsa za su yafe masa kuskure a fuskar mutum kafin su yafe masa kuskure a ƙafar doki.

Hoton mutum a kan doki yana da nasa nahawu a Turai, wanda ya girmi Grant da ɗaruruwan shekaru. Dokin da ke zabura yana wakiltar jama'a ko runduna mai ƙarfi da wuyar sarrafawa, hannun da ke riƙe da linzami cikin natsuwa yana cewa ga wanda aka haifa don mulki. Ana zana mahayin daga ƙasa, yadda mai kallo zai zama kamar zagi da ke tsaye kusa da likkafa yana ɗaga kai. Haka mai zane Van Dyck ya yi wa Sarki Charles na Ɗaya a shekarun 1630, sarkin da gajere ne a zahiri. Haka mai zanen Faransa David ya yi wa Napoleon yana haye tsaunukan Alps a kan dokin da ya yi tabarya, alhali a kan alfadari ya haye su a 1800, wani ɗan ƙauye na ja masa. Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan harshe. Wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah ya san abin da kwalliyar doki ke faɗa game da mai shi tun kafin maroƙi ya buɗe baki.

To, me ke faruwa a rayuwar Cardigan a daidai lokacin da fentin Grant ke bushewa? A watan Mayun 1840, a wajen wata liyafar hafsoshi a Canterbury, Kyaftin John Reynolds ya sa an ajiye baƙar kwalbar giya a tebur ba tare da an juye ta a tulun gilashi ba. Cardigan ya ɗauka irin giyar talakawa ce da hafsoshin da suka yi aiki a Indiya ke sha, mutanen da ya raina duk da cewa su ne suka san yaƙi. Magana ta yi tsawo har aka tsare kyaftin ɗin, jaridu suka ɗauka, ya zama idan Cardigan ya shiga gidan wasan kwaikwayo sai jama'a su dinga yi masa ihun baƙar kwalba. A ranar 12 ga Satumba na shekarar ya yi fito-na-fito da bindiga da wani tsohon hafsansa, Kyaftin Harvey Tuckett, a filin Wimbledon, saboda wasiƙun suka da Tuckett ya rubuta a jarida. Cardigan ya harbi Tuckett ya ji masa rauni. Doka ta hana irin wannan faɗa, amma a lokacin basarake ba ya gurfana sai a gaban 'yan'uwansa masu sarauta, don haka a majalisarsu aka yi shari'ar ranar 16 ga Fabrairu, 1841. Takardar tuhuma ta ambaci Harvey Garnett Phipps Tuckett, shaidu kuwa Kyaftin Harvey Tuckett kawai suka sani. Aka ce ba a tabbatar mutum ɗaya ne ba, aka sallame shi. Watanni biyu bayan haka, a ranar Lahadin Ista, ya sa aka yi wa wani soja bulala a ɗakin da aka gama addu'a ba da jimawa ba, ƙasar ta sake ɗaukar zafi.

Wato a shekarar da Grant ya nuna shi a matsayin cikakken barde mai natsuwa, da wuya a sami hafsan da Ingila ta tsana kamarsa. Ban ce Grant ya yi ƙarya ba. Cardigan dogo ne, kyakkyawa, gwanin hawa, rundunarsa kuma ta fi kowace tsari a fareti. Duk abin da ke cikin hoton gaskiya ne. Abin da ya dame ni shi ne shekara 180 da wani abu bayan haka, ihun gidan wasa ya mutu, jaridun sun shige ɗakin ajiya, hoton kuwa yana nan garau, shi ne ke fara fitowa idan an nemi sunan mutumin. Mai kuɗi ya sayi abin da ya fi muƙami tsada, ya sayi yadda jikokin maƙiyansa za su gan shi.

Sai yaƙi ya zo. Rasha da Daular Usmaniyya sun fara gwabzawa a 1853, Ingila da Faransa suka shiga bayan Turkawa a watan Maris na 1854, a watan Satumba suka sauka Kirimiya don kame birnin Sevastopol. Aka ba Cardigan, yana da shekara 56, jagorancin birged ɗin dawakai masu sauƙin kaya, runduna biyar. Wanda aka ɗora a kansa, shugaban sojojin doki gaba ɗaya, shi ne Lord Lucan, mijin ƙanwarsa Anne. Surukan nan biyu sun shafe shekaru ba sa ga maciji, kowa a Landan ya sani, amma aka haɗa su a igiya ɗaya.

Abin da ya faru a ranar 25 ga Oktoba yana buƙatar a bi shi a hankali, don hotunan sun murƙushe shi ya koma mutum ɗaya da takobi. Da asuba Rashawa suka afka wa wasu ganuwoyin ƙasa da ke kan wani dogon tudu mai kare hanyar Balaklava. Sojojin Usmaniyya ne ke tsaronsu, da igwogin da Ingila ta ba su. Bayan ganuwoyin sun faɗi, babban kwamanda Lord Raglan, da ke tsaye can bisa tsauni yana hangen filin duka, ya ga kamar Rashawa na shirin janye igwogin da suka kama. Ya sa Janar Airey ya rubuta umarni cikin gaggawa cewa sojojin doki su yi gaba da sauri su hana abokan gaba tafiya da igwogin. Kyaftin Louis Nolan ya gangaro da takardar a sukwane.

Lucan yana ƙasa cikin kwari. Daga inda yake ba a ganin waɗancan igwogi, tudu ya tare su. Ya tambayi Nolan wace igwa ake nufi. Nolan, wanda dama ya raina shi, ya watsa hannu cikin fushi, hannun kuwa ya nuna ƙarshen kwarin arewa, inda Rashawa suka jera wasu igwogin dabam suna fuskantar duk mai zuwa, ga wasu a tudun dama, ga wasu a tudun hagu. Lucan ya kai wa Cardigan umarnin. Cardigan ya nuna masa cewa akwai wuta ta gaba da ta gefe biyu. Lucan ya ce ya sani, amma haka Raglan yake so. Da a ce mutane biyun nan suna iya zama su yi magana ta minti biyar kamar masu hankali, da wataƙila sun gane akwai kuskure a wani wuri. Gaba ta hana.

Mahaya wajen 670 suka shiga kwarin da tsawonsa ya haura mil ɗaya, Cardigan a gaba a kan jan dokinsa Ronald. Nolan ne ya fara faɗuwa, ɓaraguzan harsashin igwa suka same shi a ƙirji yana ƙoƙarin wuce Cardigan, kuma har yau ana gardama ko so yake ya juya rundunar zuwa inda ya dace. Cikin kamar minti ashirin an gama komai. Kimanin mutum 110 suka mutu, wajen 160 suka ji rauni, aka kama wasu, dawakai ɗaruruwa suka halaka. Da aka yi kiran suna, mutum 195 ne kawai ke kan doki.

A nan dole a yi wa mutumin adalci. Cardigan ya shiga kwarin a gaban kowa, bai waiwaya ba, ya ratsa tsakanin igwogin, har wani mashi ya karce shi a cinya. Jarumtarsa ta jiki ba abin musu ba ce, kuma wanda bai taɓa fuskantar bakin igwa ba ya rage murya kafin ya raina ta. Amma da ya isa, sai ya juya ya dawo shi kaɗai, bai tsaya ya tattara mutanensa ba, a kan ra'ayinsa cewa ba aikin janar ba ne ya tsaya sara da suka cikin kurata. Wasu hafsoshi, irin su Lord George Paget, su suka tattaro ragowar suka fito da su. Ya san yadda ake shiga gaba, bai san cewa jagora shi ne wanda ke fitowa a ƙarshe ba. Ga kuma batun jirgin nan Dryad, inda ya samu izini yana kwana yayin da sojojinsa ke cikin tantuna a taɓo. A watan Disamba ya bar Kirimiya da dalilin rashin lafiya, daidai lokacin da hunturu ya fara cin mutane da dawakai da yunwa da sanyi.

Ingila kuwa na cikin ƙishirwar gwarzo. Rahotannin William Howard Russell a jaridar The Times suna ta tona asirin sakaci da rashin tsari, jama'a na neman wani abin alfahari da za su riƙe. Tun a watan Nuwamba mujallar barkwanci ta Punch, wadda a baya ta sha yi masa ba'a, ta buga zanen John Leech da ke nuna shi yana afka wa igwogi, da wasan kalma a kan sunansa mai nufin shi ne katin da ke cinye wasa. A watan Disamba waƙar da marubucin waƙoƙi Tennyson ya rubuta kan harin ta fito. Da Cardigan ya sauka Ingila a Janairun 1855, mutanen da suka yi masa ihun baƙar kwalba su ne ke tururuwar ganinsa. Shaguna suka cika da hotunansa, aka sa wa rigar sanyi mai maɓallai a gaba sunansa, sunan da take ɗauke da shi har gobe. Aka naɗa shi babban sufeton sojojin doki. Ya yi jawabi a gidan magajin garin Landan a watan Fabrairu, ya ƙara wa miya gishiri.

Hotuna biyu na wannan zamani suna rataye a Deene Park. Ɗaya na Alfred de Prades ne, Cardigan a kan Ronald yana jan harin. Ɗayan na James Sant ne, kuma shi ya fi ba ni abin tunani. Babu doki a guje, babu hayaƙi. Cardigan ne yake ba Yarima Albert da 'ya'yan sarauta labarin harin. Ka ga an tashi daga zana abin da ya faru, an koma zana mutumin yana ba da labarin abin da ya faru, da irin manyan da suka saurare shi. Shaidar da hoton ke bayarwa ita ce fada ta karɓi riwayarsa. Akwai labarin da ake yawan bayarwa cewa da farko har da Sarauniya Biktoriya a ciki, daga baya ta sa aka goge ta saboda abin da ta ji game da zamansa da mata. Ko yaya gaskiyar wannan take, yaɗuwarsa ta nuna mutanen lokacin sun san cewa tsayawa kusa da mutum a hoto sa hannu ne a kan takardarsa.

Yanzu a duba waɗanda ba sa cikin waɗannan hotuna. Sojojin Usmaniyya da ke ganuwa ta farko, 'yan ɗaruruwa ne, sun tsaya fiye da sa'a guda a gaban dubban Rashawa da ruwan igwa, ba wanda ya kawo musu ɗauki, suka yi asarar kimanin mutum 170. Sakamakonsu a bakin Ingilishi shi ne sunan matsorata, aka mayar da su 'yan dako a sansani, ana zagi ana duka. Wannan ya tsaya mini a rai, domin jinkirin da suka jawo wa Rashawa da safen nan shi ya ba sauran damar shiryawa. Haka kuma mahayan Faransa na rundunar Chasseurs d'Afrique, waɗanda suka hau tudun hagu suka rufe bakin igwogin da ke can, da ba don su ba da waɗanda suka dawo daga kwarin ba su kai haka ba. Su kuwa kuratan Ingila kansu, a zanen Simpson da na de Prades, layuka ne kawai a bayan mutum ɗaya.

Wani zai ce ai da kyamara ta zo magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Roger Fenton ya isa Kirimiya a Maris ɗin 1855 da keken doki da ya mayar ɗakin wanke hoto, ya ɗauko hotuna wajen 360. Na'urar lokacin tana buƙatar mutum ya tsaya cik na daƙiƙoƙi, don haka ba ta iya kama sukuwa. Wani ɗan kasuwar hotuna na Manchester, Thomas Agnew, shi ya ɗauki nauyin tafiyar don ya sayar wa masu hali, kuma babu gawa ko ɗaya a cikin abin da Fenton ya kawo. Mafi yawa hafsoshi ne a tsaye ko a zaune cikin kayan sarki. Ita ma kyamara da mai biyanta.

Abin da ya fara tsaga hoton gwarzon shi ne dawowar waɗanda suka ga abin da idonsu. A 1856 wani hafsa na kusa da Raglan, Somerset Calthorpe, ya fitar da littafin wasiƙunsa daga fagen yaƙi, inda ya nuna cewa Cardigan bai ma kai ga igwogin ba, dokinsa ya firgita ya juyo da shi. Cardigan ya yi shekaru yana neman a hukunta shi ta hanyoyi dabam-dabam, sai a 1863 ya kai ƙara babbar kotu. Rantsattsun shaidu suka tabbatar ya kai ga igwogin, wato Calthorpe ya yi kuskure a nan, amma kotu ta ƙi ba shi abin da ya nema saboda ya yi jinkiri da yawa. Shari'ar kuma ta baza wa duniya ɗaya gaskiyar, cewa sahun baya sun iso ba su tarar da jagoransu ba. Ya je wanke riga, ya dawo da tabo a wando.

Cardigan ya rasu ranar 28 ga Maris, 1868, bayan ya faɗo daga kan doki kusa da gidansa. Shekara uku bayan haka, a 1871, gwamnatin firaminista Gladstone, ta hannun ministan yaƙi Edward Cardwell, ta soke sayen muƙami a soja. Dama tun 1856 an ƙirƙiro lambar yabo ta Victoria Cross wadda kurtu da janar duk za su iya samu, kuma mutum bakwai suka same ta a kan abin da suka yi a wancan kwari, yawancinsu saboda sun tsaya ko sun koma cikin wuta don ceto wani da ya faɗi.

Sauyin ya kai ga fenti a 1876, lokacin da wata mace, Elizabeth Thompson, wadda daga baya aka sani da Lady Butler, ta zana Balaklava. Ba ta zana shiga kwarin ba, fitowa ta zana. Mutane ne ke hawowa tudu jina-jina, wani na rungume da ɗan'uwansa a kan sirdi, dawakai na tangaɗi. A tsakiya wani soja ne a ƙasa, babu doki, da jan wandon nan na runduna ta 11, takobi a hannu, idanunsa a buɗe amma ba ya ganin kowa. Wanda ya tsaya mata ta zana shi, William Pennington, yana cikin waɗanda suka shiga kwarin da gaske. Ta nemi tsofaffin sojojin ta saurare su kafin ta ɗauki buroshi. Jan wandon da Grant ya mayar alamar isa a 1841, ita ta mayar da shi tufar mutumin da ya ga abin da baki ba zai iya faɗa ba. Jama'a suka yi dafifi don kallon zanen a Landan, yau yana gidan adana zane na Manchester. Ita ma tana da kasuwarta, kuma ta san abin da sabbin masu kallo ke so, amma aƙalla ta tambayi waɗanda wutar ta taɓa. Wasu daga cikinsu a gidajen gajiyayyu suka ƙare rayuwarsu.

A cocin ƙauyen Deene akwai hoton Cardigan na ƙarshe, na dutse. Matarsa ta biyu, Adeline de Horsey, wadda ya aura a Jibralta a 1858 kuma fada ta juya mata baya, ita ta sa Joseph Edgar Boehm ya sassaƙa kabarin. Yana kwance cikin kayan soja, ita kuma an sassaƙa ta a gefensa tana kallonsa da ƙuruciyarta, duk da cewa sai a 1915 ta rasu, shekara 47 bayansa. Dokinsa Ronald ya mutu a 1872. An adana kansa da wutsiyarsa a cikin gidan, inda masu ziyara ke ganinsu a rana ɗaya da zanen de Prades da na Sant.